Mas'alar Masu Tara Agogon Kwaikwayo

A cikin abubuwan sha'awa da zamani ya zo da su, waɗanda mutum kan ɓatar da dukiyarsa da barcinsa a kansu ba don ci ko sutura ba, akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu a 'yan shekarun nan tsakanin samari da magidanta na ƙasashe da dama, tun daga Amurka da Ingila har zuwa Dubai, wato sayen agogon hannu na kwaikwayo da tara shi, bisa sani da yarda. Ba ina nufin bawan Allah da aka zalunta a kasuwa, aka ɗora masa jabu a kan kuɗin na asali ba, domin wannan abin tausayi ne, hukuncinsa kuma a sarari yake. Ba kuma ina nufin agogon tire da ake yawo da shi a tasha, wanda ruwan zinarensa kan koɗe kafin salla ta zagayo ba. Waɗanda nake magana a kansu mutane ne masu ilmi da rufin asiri, waɗanda za su ƙirga dala 400 ko 500 su ba da a kan agogo guda alhali suna sane sarai ba a Jeniba ta ƙasar Suwizalan aka ƙera shi ba, su jera goma ko ashirin a akwati mai ɗakuna, su kuma raba dare suna jayayya a kan wace masana'anta ce ta fi kusantar asali a bana.

Ya kamata mai karatu ya san yadda sana'ar take kafin a yi mata hukunci. Mafi yawan waɗannan agoguna daga birnin Gwanzu na kudancin ƙasar Sin da kewayensa suke fitowa, daga masana'antun da ba su da allo a ƙofa, sai laƙabi kawai da masu saye suka san su da shi. Maƙeran sukan sayi agogo na asali, su warware shi ɗaya bayan ɗaya har zuwa ƙaramin noti, su auna kowane yanki, sa'an nan su sa injuna masu aiki da kwamfuta su fitar da irinsa. Har ya kai ga suna amfani da ƙarfen nan mai lamba 904L da kamfanin Rolex ke alfahari da shi, suna kuma kwaikwayon injin ciki da kansa, mai bugawa sau 28,800 a sa'a guda, ta yadda tsinken sakan zai riƙa tafiya sumul, taku takwas a kowane sakan, ba tsalle-tsalle irin na agogon batir ba. Mai saye yakan biya dillali, dillali ya aiko masa da hotunan ainihin agogon da za a tura masa, shi kuwa ya zauna ya ƙura musu ido: ko kwanan wata ya zauna a tsakiyar tagarsa, ko ƙwayar gilashin da ke kansa tana ƙara masa girma ninki biyu da rabi kamar na asali, ko alamar ƙarfe goma sha biyu ta karkata da kaurin gashi, ko sakan nawa agogon ke ƙarawa ko ragewa a yini. In ya gamsu ya ce a turo, in bai gamsu ba ya ce a sake wani. Bayan wannan sai zaman jira da fargabar kwastan.

Hujjojin da suke kafawa ba na banza ba ne, kuma rashin adalci ne a yi kamar ba a ji su ba. Sukan ce manyan kamfanonin Suwizalan sun mayar da agogo abin wulaƙanta mai saye, domin mutum zai shiga kanti da kuɗinsa cif a aljihu yana neman agogon Rolex samfurin Daytona ko Submariner na ƙarfe, a ce masa babu, a rubuta sunansa a jerin masu jira, a kuma nuna masa a fakaice cewa in ya fara sayen wasu kayan da ba ya so la'alla a tuna da shi. Kuma gaskiya ne a farkon shekarar 2022 Daytona na ƙarfe ya haura ninki biyu na farashin kanti a kasuwar 'yan hannu, Nautilus na Patek Philippe kuwa ya wuce ninki uku. A shekarar 2023 ƙasar Suwizalan ta fitar da agogon hannu kusan miliyan 17, kuɗin abin da ta sayar a waje kuma ya haura faran biliyan 26 na kuɗinta, wato adadi yana raguwa idan aka gwada da shekarun can baya, farashi yana hawa, talaka kuma ana ƙara nesanta shi. Sukan ƙara da cewa a manyan birane irin su Landan ana fizge agogo mai tsada daga hannun mutum da rana tsaka, saboda haka wanda ya ajiye na asali a gida ya ɗaura na kwaikwayo bai yi wauta ba. Mai son tarihi a cikinsu kuma yakan tunatar da mu, yana murmushi, cewa su kansu maƙeran Suwizalan sun taɓa cin wannan abinci: a ƙarni na 18 an ƙera agoguna masu araha a can aka rubuta musu sunan Landan, lokacin da Landan ce uwar sana'ar, a ƙarni na 19 kuma an yi waɗanda aka yi wa kama da na kamfanonin Amurka irin su Waltham da Elgin. Duk wannan na karɓa, ban kuwa ga dalilin da zai sa in zubar da hawaye saboda ribar attajiran Jeniba ba.

Amma akwai tambaya guda wadda, a ganina, duk waɗannan hujjoji suke kewaye ta ba su taɓa ta ba. Idan da'awar mai tarawa ita ce son sana'a, da ƙaunar siffa, da sha'awar ganin ƙananan ƙafafun inji suna juyawa ba tare da batir ba, to ai ƙofar halal a buɗe take, kuma ta fi araha. Siffar Submariner tun 1953 take, haƙƙin ƙirƙirar da ke kan dabarunta na farko ya daɗe da ƙarewa, kamfanoni da yawa kuma, irin su Steinhart na Jamus da San Martin na ƙasar Sin, suna yin agogo mai kama da shi ƙwarai, su rubuta nasu sunan a fuskarsa, su sayar a fili da rasit. Ga Seiko 5 na Japan, wanda tun 1963 yake hannun ma'aikata da malamai yana aiki ba gajiya. Ga Seagull na birnin Tiyanjin, wanda ke ƙera injinsa da sunansa. Mai tara kwaikwayo ya san duk waɗannan, ya ma fi ni saninsu, amma ba su biya masa bukata ba, alhali ƙarfen kusan ɗaya ne, gilashin ɗaya ne, wani lokaci ma injin ya fi na jabun aminci. Abin da suka rasa shi ne haruffa biyar na sunan Rolex da ɗan kambi a samansu. Ashe ke nan abin da ake biyan kuɗin dominsa shi ne sunan, sunan kuwa shaida ce da agogo ke bayarwa a kan wanda ya yi shi, kuma a nan shaidar zur ce, ko da mai ɗaure da shi bai buɗe baki ba.

Wani zai ce ai babu algus a cinikin, tun da mai sayarwa ya faɗi gaskiya, mai saye kuma ya yarda. Haka ne, tsakanin su biyun babu tadlisi irin wanda ɗalibi ke karantawa a babin ciniki na Risala ta Ibn Abi Zaid, inda aka hana ha'inci da ɓoye aibin haja. Sai dai mas'alar ba ta tsaya a kansu su biyu ba. Akwai mai tambarin, wanda Majalisar Fiƙihu ta Duniyar Musulmi, a zamanta na Kuwaiti cikin 1988, ta tabbatar cewa sunan ciniki da tambarinsa haƙƙi ne mai ƙima ta dukiya, wanda shari'a ke karewa, ba ya halatta a yi masa ta'adi. Akwai mai kallo, wanda zai ga hannunka ya gina zato a kanka, malamai kuwa sun daɗe suna gargaɗi game da mutumin da ke nuna ya mallaki abin da ba a ba shi ba. Masu tarawa sukan rantse cewa duk wanda ya tambaye su za su gaya masa gaskiya, ni kuma ban ƙaryata su ba. Illa dai a cikin mutum ɗari da za su ga agogon, da wuya a sami biyu da za su tambaya, sauran kuwa sun tafi da abin da idonsu ya gaya musu.

Na ukun shi ne ya fi damuna, wato mai saye na gaba. Niyya tana zuciyar mai ita, agogo kuwa ƙarfe ne, yakan fi mai shi tsawon rai. Yau yana hannun mutumin kirki wanda ya san abin da ya saya. Gobe ya ba ƙanensa kyauta, jibi ƙanen ya shiga matsi ya kai shi jingina, ko ɓarawo ya ɗauke, ko mai shi ya rasu magada su buɗe akwati su ga abin da suke zaton dukiya ce, kowane hannu da ya wuce kuwa labarin gaskiya yana ƙara dusashewa alhali rubutun da ke fuskar agogon yana nan daram. Gwargwadon yadda kwaikwayon ya ƙware, gwargwadon haka cutarsa take ƙaruwa a ranar da ya kuɓuce, waɗanda kuma suka matsa wa masana'antu lamba su gyara kowane ɗan bambanci, har mai gyaran agogo ya kasa rabewa sai ya buɗe baya ya sa madubi, su ne dai waɗannan masu sha'awa da ke cewa ba su cuci kowa ba. Kada kuma a ce ƙwararru ba sa ruɗuwa: a ƙarshen 2021 an yi gwanjon wani agogon Omega Speedmaster da aka ce na 1957 ne a Jeniba a kan faran miliyan uku da 'yan kai, kamfanin Omega da kansa ya saya don gidan tarihinsa, daga baya cikin 2023 ya bayyana cewa haɗe-haɗe ne na sassan agoguna daban-daban. Wannan ba kwaikwayon Gwanzu ba ne, amma ya isa ya nuna inda kasuwar ta kai. Saboda irin haka ne Suwizalan tun 2008 ta ba kwastan ikon ƙwace jabu su lalata ko da mutum don kansa ya sayo guda ɗaya.

Akwai kuma wata asara da ba ta shafi hukunci ba, ta shafi sana'ar kanta. Wanda ya iya kwaikwayon injin Daytona har ya yi aiki daidai, haƙiƙa gwani ne, ya cancanci a san sunansa kamar yadda aka san Gérald Genta, wanda ya zana Royal Oak na 1972 da Nautilus na 1976. Amma shi wannan gwani zai tsufa a ɓoye, yana sauraron ranar da hukuma za ta rufe masana'antar, ba abin da zai bar wa 'ya'yansa da sunansa a kai. Mutanen Japan ma da koyi da Turawa suka fara, sai dai sun rubuta nasu sunan, suka yi haƙuri da raini, har ranar 25 ga Disamba 1969 Seiko ya fito da Astron, agogon hannu na farko mai aiki da dutsen kwaz da aka sa a kasuwa, abin da ya girgiza Suwizalan har ma'aikatan agogonta suka ragu daga wajen 90,000 zuwa wajen 30,000 cikin shekara goma sha biyar. Mu nan ba baƙi ba ne ga ɗaya gefen labarin, domin mun ga abin da atamfar kwaikwayo ta taimaka wajen yi wa masaƙun Kaduna da Kano. Shi ma mai tarawa ilmin da yake tarawa ilmin aibi ne: ya san inda harafi ya fi kauri, ya san launin da ya ɗan yi duhu, amma duk sa'ad da ya dubi hannunsa abin da ya rage a cim ma asali yake gani, da zarar masana'anta ta fito da sabon gyara kuwa na jiya ya zama abin kunya a wurinsa. Kuɗin guda goma da ya tara sun isa su saya masa Tudor ko Longines na gaske, mai takarda, wanda in ya lalace akwai inda za a kai shi.

A ƙasarmu, inda fataken Kano ke zuwa Gwanzu da Dubai kamar zuwa cin kasuwar ƙauye, inda kuma agogo ke shiga lefe da tsarabar aikin hajji, abin yana da wani nauyi na daban, domin har yanzu da sutura ake auna mutum a wurin neman aure da neman bashi da ƙulla amanar ciniki. Ban ce duk mai ɗaure da irin wannan agogo mayaudari ne ba, na kuma san waɗansu nishaɗi kawai suke nema bayan wahalar yini. Abin da zan roƙi wanda ya riga ya tara, kuma ba ya jin zai iya rabuwa da su, shi ne ya kai su wurin maƙerin zinariya a zana kalmar kwaikwayo a murfin bayan kowanne, inda fata ke rufewa, ya kuma rubuta takarda ya sa a akwatin saboda masu rabon gado. Aikin ba zai ci kuɗin madauri guda ba, ba ya taɓa inji, ba ya canza siffar da ya ce ita yake ƙauna, abin da zai rage kawai shi ne kuɗin da agogon zai yi a hannun wanda zai sayar da shi da sunan na asali.