Jigon Yaƙin Ƙare-Dangi a Littattafan Zane na Amurka, 1950–1956

Manufar wannan maƙala ita ce tarken wani rukunin adabi wanda manazarta suka daɗe suna yi wa kallon kayan wasan yara, wato littattafan zane na ƙagaggun labaran kimiyya da aka riƙa bugawa a Amurka tsakanin 1950 da 1956. 'Yan ƙananan littattafai ne masu launi, a kan takarda mai arha, ana sayar da kowanne senti 10, labari kuma yana tafiya cikin jerin hotuna. Wanda ya karanta Tauraruwa Mai Wutsiya ta Umaru Dembo ya san irin ƙagen da ake nufi, sai dai su waɗannan cikin tsoro aka haife su. A 1945 Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki, a 1949 Tarayyar Sobiyat ta gwada nata, a 1950 kuma yaƙin Koriya ya ɓarke. Abin da za a duba shi ne wurin da mai zane ya tsayar da idon mai karatu: cikin jirgin da ya saki bam, ko ƙasa inda bam ɗin ya faɗa?

Kamfanin Ace ya fitar da Atomic War! fitowa huɗu, ta farko ɗauke da kwanan watan Nuwamba 1952, watan da Amurka ta gwada bam ɗin haidirojin na farko. Bangon wannan fitowa ya nuna dogayen benayen birnin New York suna kifewa cikin wuta. Labarin ya faru ne a 1960: Rashawa sun yaudari Amurkawa da zancen sulhu, suka kai musu harin ba-zata, Amurka kuma ta tashi ramuwa. Mawallafan sun ce gargaɗi suke yi domin ƙasa ta zauna da shiri. Amma zubin labarin ya ƙaryata wannan da'awa. Da zarar an wuce shafukan farko, sai bam ɗin ya koma makami kamar sauran makamai. Sojoji suna jifa da gurnetin nukiliya, su kaɗe ƙura su ci gaba. Waɗanda suka mutu a birane taro ne marar suna, taurarin kuwa matuƙa jirgi ne da hafsoshi. A taƙaice, tsohon labarin jarumta ne aka ɗinka wa sabuwar riga, kuma abin da yaro zai ɗauka daga ciki shi ne wannan yaƙi ana iya yin sa, har a ci nasara.

Kamfanin EC na William Gaines ya bi wata hanya dabam a mujallunsa Weird Science da Weird Fantasy, waɗanda Al Feldstein ya shirya. Misali mafi ƙarfi shi ne labarin Ray Bradbury mai suna “There Will Come Soft Rains”, wanda Wally Wood ya zana a Weird Fantasy ta 17, a 1953. Babu soja a ciki, babu maƙiyi, ba a ma faɗi wanda ya fara harbi ba. Gida ne mai sarrafa kansa da na'urori, shi kaɗai ya rage a tsaye a garin. Gari na wayewa murya ta sanar da lokaci, murhu ya dafa kalaci, a kwashe a zubar ba wanda ya taɓa. Mutanen gidan inuwarsu kawai ta saura a jikin bango, yadda walƙiyar bam ta same su a tsakar gida. Karen gidan ya dawo a rame, ya mutu, na'urorin shara suka kawar da gawarsa kamar kowane datti. Daga bisani gobara ta cinye gidan. Wood ya shahara wajen ƙawata injuna da ƙyalli, a nan kuwa wannan gwaninta ce ta zama makamin jigo, domin duk yadda na'urorin suka ƙara kyau, haka rashin mutum yake ƙara fitowa fili. Hoton ya yi abin da rubutu zalla ba zai yi ba, ya tilasta wa ido neman fuska daga wannan gurbi zuwa wancan, bai samu ba.

A shekarar dai, Harvey Kurtzman da Wood suka fitar da “Atom Bomb!” a Two-Fisted Tales ta 33, inda suka bi wani iyali na Japanawa a Nagasaki. Shekara takwas kacal bayan yaƙi, sanya ɗan Amurka ya kalli bam ɗin ƙasarsa daga tsakar gidan abokin gaba ba ƙaramar ƙarfin hali ba ce.

Duk da haka EC ba ta rasa aibi ba. Feldstein mai yawan zuba ne. Sau da yawa bayani yakan danne hoto, ya sake faɗin abin da ido ya riga ya gani. Haka kuma kamfanin ya ɗabi'antu da rufe labari da juyin ba-zata, har halakar duniya ta zama kamar amsar kacici-kacici, mai karatu ya yi mamaki maimakon ya yi jimami. Labarin Bradbury ya tsira daga wannan ne saboda ba shi da sirrin da zai ɓoye: tun shafin farko an san babu kowa.

Rayuwar wannan adabi ba ta yi tsawo ba. A 1954 likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya wallafa littafin da ya ɗora wa littattafan zane alhakin lalacewar yara, wani kwamitin Majalisar Dattawa ya yi zama a kai, Gaines ya ba da shaida, mawallafa kuma suka kafa wa kansu hukumar tace littattafai. Labaran ban tsoro da na miyagun laifuffuka aka nufa, amma guguwar ta haɗa da na kimiyya. A fitowa ta 33 ta Incredible Science Fiction, a 1956, hukumar ta nemi a canza ɗan sama-jannatin labarin “Judgment Day” saboda baƙar fata ne. Gaines ya ƙi, ya buga shi yadda yake, kuma da wannan fitowa EC ta daina buga irin waɗannan littattafai.