3.4 Sharhi a Kan Hanyar Koyar da Mallakar Ingilishi a Kankiya da Kusada

Hanyar da malaman Ingilishi da dama kan bi a wannan yanki ita ce su gaya wa ɗalibi cewa 's ta Ingilishi daidai take da -n ko -r ta Hausa. Bayanin yana da sauƙin haddacewa, amma idan aka duba shi da kyau za a ga ya bar baya da ƙura.

Da farko dai, mazauninsu ya bambanta. A "Musa's cap" alamar tana manne da mai abu, a "hular Musa" kuwa tana jikin abin da aka mallaka. Haka kuma jinsin abin ne ke zaɓen ta, shi ya sa ake cewa "gidan Binta" amma "gonar Audu". Saboda haka ɗalibin da aka ce masa alamomin ɗaya ne, ba shi da laifi in ya rubuta "cap's Musa", ko da yake shi ne zai rasa maki a jarrabawa.

Matsalar ta fi tsanani a lamirai. Galadanci (1976) ya kasa mallaka gida biyu, wato doguwa da gajeruwa. A gajeruwa, kalma kamar "hularsa" tana ɗauke da jinsi biyu: -r ta hula, -sa ta mai hula. "His" kuwa mai hular kaɗai take nunawa. A doguwa ma, "mine" guda ce ke tsaya wa "nawa" da "tawa". Sannan "its" da "hers" ba su ɗaukar waƙafin sama ko kusa, alhali an riga an koya wa yaro cewa waƙafin shi ne mallaka.

Shi kansa waƙafin saman, Bahaushe ya san shi ne a matsayin sauti, kamar a "sana'a" da "'ya'ya". A Ingilishi kunne ba ya jin sa: "boys", "boy's" da "boys'" furucinsu ɗaya. Sunaye irin su Idris da Abbas sukan ƙara rikita ɗalibi, domin ana rubuta "Idris's" ana kuma rubuta "Idris'".

Da malamai za su fara da abin da yaro ke ji a kasuwar Kankiya, da ya fi. A can ana cewa "teburin mai shayi", "ofishin ciyaman" da "bas ɗin Kusada". Tebur da ofis da bas duk aro ne daga Ingilishi, amma babu wadda ta shigo da 's ɗinta.