Jarrabawar shiga koleji: tiya ba ta cika rumbu



Kowace shekara idan damana ta kama, akwai maganar da ke tashi a majalisa da bakin rijiya, har da ajin yaƙi da jahilci. Ita ce maganar jarrabawar ƴan lakol. Ɗan wane ya ci, ɗiyar wane ta faɗi. Wanda ya ci kuma, wace makaranta za a kai shi? Uwaye suna da ra'ayi iri iri a kan wannan. Bari mu sheƙe ra'ayoyin nan, mu raba tsaba da ƙaiƙayi.

Mu fara da sanin yadda abin yake. Yaro yana yin aji 6 a ƙaramar lakol, daga CI zuwa CM2. A ƙarshen CM2 sai ya yi jarrabawar sartafika, wadda ake kira CFEPD. Ƴan madarsa su ma suna da tasu. Daga nan ake tace masu wucewa koleji. Ajin farko na koleji shi ake ce wa siziyam. Bayan shekara 4 yaro ya yi birbe, bayan 3 kuma a lise ya yi bak. Sartafika ta yi shekara 10 ba a yi ta ba. Tun daga 2014 makin da yaro ya tara cikin shekara ake dubawa. A 2024 gwamnati ta maido da ita.

Wasu uwaye suna cewa: «Madalla da aka maido ta. Rashin jarrabawa ne ya lalata karatu.» Akwai gaskiya a ciki. An ga yara sun shiga siziyam ba su iya karanta layi ɗaya ba. Yaron da ya san za a auna shi ya fi maida hankali, mushensa ma haka. Amma mu duba wani abu. A 2014 an yi wani babban bincike mai suna PASEC a ƙasashen Afirka 10. An auna yaran da ke ƙarshen ƙaramar lakol. A Nijar, wajen yara 9 cikin 10 ba su kai matsayin da ake so a karatu ba. To, yaran nan sun yi kusan dukan karatunsu lokacin da sartafika tana nan daram. Ashe ciwon ya girmi soke jarrabawa. Jarrabawa tiya ce. Tiya tana gaya maka yawan hatsin da ka samu, amma ba ta ƙara maka ko ƙwaya ɗaya. Wanda ya ce maido da ita kaɗai zai gyara karatu, ya yi kama da wanda ya sayi sabuwar tiya ya bar gonarsa ba noma.

Wasu kuma suna cewa: «Jarrabawa ta ɗiyan birni ce. Sai mai uwa a gindin murhu.» Su ma ba a ce musu maƙaryata ba. Da Faransanci ake yin ta, harshen da yaron ƙauye ba ya ji sai a cikin aji. A garuruwa da yawa ajin na kara ne. Ba a kafa shi sai an yi girbi an samu kara, alhali an buɗe makarantu tun watan Oktoba. Yaron birni yana da wuta da dare, wani ma ana biyan malamin da zai zo gida ya yi masa bita. Ranar jarrabawa kuwa takarda ɗaya ake ba su. Makarantun da ake shiga da gasa ta musamman ma haka ne. Akwai Piritane, makarantar ƴan soja ta Yamai, da ke ɗaukar yara tun daga siziyam. Akwai Lise Ekselans ta Yamai, da ake shiga bayan birbe. Gurabensu kaɗan ne, kuma sau da yawa labarin gasar ba ya isa ƙauye sai an gama. Wannan aibi ne, ya kamata magabata su gyara shi. Tun da a 2025 an maida Hausa harshen ƙasa, babu dalilin da zai hana a yi shelar kowace gasa da Hausa a rediyo, da wuri.

Amma inda masu wannan ra'ayi suka ɓata shi ne da suka naɗe hannu. Suna cewa ci da faɗuwa rabo ne. Haka ne, komai rabo ne. To, wane manomi ne ya taɓa ƙin yin noman farko don ya ce hatsi rabo ne? Mu ne muke tsare yaro a gona har a gama ɗaurin damma. Mu ne muke aza wa yarinya talla ranar kasuwa. Mu lissafa: kasuwa ɗaya kowane mako, cikin wata 8, ta haura kwana 30 na karatu. Idan yaro ya yi haka shekara 6, sai a ce ranar jarrabawa ce aka zalunce shi?

Sai maganar zaɓen makaranta. Nan ne aka fi yin asara. Da yaro ya ci, sai ka ji uba ya ce: «Ni ɗana sai birni. Sai makarantar kuɗi mai suna.» A sayar da akuya, wani har ya jinginar da gona. Akwai makarantun kuɗi masu kyau ƙwarai. Akwai kuma waɗanda allon bakin ƙofa ya fi abin da ke ciki. Suna ba ya karantar da yaro. Manyan lise na gwamnati irin su Ɗan Baskore a Maraɗi, Kuran Daga a Damagaram da Agabba a Tawa sun yaye ɗiyan talakawa masu yawa.

Tambayar da ba mu cika yi ba ita ce: ina yaron zai kwana, mi zai ci? Yaro mai shekara 12 ko 13 an kai shi gidan mai masauki. Mai masaukin shi ma da nasa nauyi. Idan uba bai aiko da hatsi ba, yaro zai tafi aji da yunwa. Idan yarinya ce, sai ta zama mai daka da ɗaukar ruwa, ba ta buɗe littafi sai ta gaji tiɓis. Shi ya sa siziyam ta zama ajin da yara da yawa ke zubewa. Sun ci jarrabawa, amma masauki ya kayar da su. Kolejin karkara da yaro zai je ya dawo gida, ko ya kwana wurin gwaggonsa, sau da yawa ya fi masa mai suna da ke nesa.

Kada kuma mu ɗauka hanya ɗaya ce. Mai son ɗansa ya haɗa Larabci da Faransanci, ga madarsa. An buɗe ta farko a Sayi tun 1957, kuma ita ma tana kai yaro har bak. Yaron da hannunsa ya fi bakinsa, ga kolejin fasaha da cibiyoyin koyon sana'a: ɗinki, walda, kafinta, gyaran inji. Ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne yarinya ta ci jarrabawa, a ninke takardarta a sa cikin akwati, a sa ranar aure. Dokar da gwamnati ta kafa a 2017 ta ce a kare yarinya mai karatu, a taimake ta ta ci gaba.

To, mi ya rage gare mu? Mu da muka koyi karatu da girma muna da makamin da uwayenmu ba su samu ba. Ko ba ka jin Faransanci, ka iya lamba. Karɓi littafin ɗanka ka duba maki. Ka san bambancin 3 bisa 10 da 7 bisa 10. Ka ce ya karanta maka shafi ɗaya, ya faɗa maka ma'anarsa da Hausa. Idan ya kasa, kada ka jira CM2. Tafi wurin mushe tun yaro yana CE1. Ka halarci taron kwamitin makaranta, a kafa rumfar aji da wuri. Kafin ka zaɓi koleji, je da ƙafarka. Tambayi yara nawa ne a aji, malamai suna zuwa ko ba su zuwa, yara nawa suka ci birbe bara. Ka zauna da mai masauki ku yanke tiya nawa za ka riƙa aikowa kowane wata.

Da safe ake kama fara. Allah ya ba ɗiyanmu ilimi mai amfani, ya ba mu ikon tsaya musu. Amin.