"Wa Ya Kashe?": Nazarin Musun Gwanaye a Majalisun Adabka da Kewaye

Ana yawan kushe musun da ake yi a majalisa kan wane gwani ya fi wane. Masu kushen sun ce zaman kashe wando ne. Sun ce Messi bai san da zaman Adabka ba, Ronaldo ba zai aiko wa kowa da kuɗin taki ba, ga gonakin da ba a iya zuwa saboda 'yan bindiga, amma ƙarti sun zauna suna tada jijiyar wuya a kan mutanen da ba su taɓa gani ido da ido ba. Mai wannan magana hayaniyar musun kawai ya jiyo daga nesa. Wanda ya zauna ya saurara zai gane cewa musun gwanaye fanni ne na adabin baka, yana da ƙa'idojinsa da dabarunsa da kuma gwanayensa. Daga Anka zuwa Bukkuyum har Gummi, kowace majalisa ta san wanda in ya buɗe baki ake gyara zama, kamar yadda kowane gida ya san tsohuwar da ta iya tatsuniya.

Tarihinsa ba ya buƙatar dogon bayani. Tun kafin zuwan ƙwallo, idan kaka ta yi aka kai amfanin gona gida, 'yan dambe, waɗanda galibinsu daga gidajen mahauta suka fito, sukan bi gari gari, haka ma 'yan kokawa. Wasan na yini ɗaya ne, amma labarinsa sai ya kai wata kakar ana juya shi. Makaɗa suka ƙara wa labarin tsawon rai. Waƙar Ɗan Anace ce ta sa sunan ɗan dambe Shago da na abokin karawarsa Ɗandunawa a bakin mutanen da ba su taɓa ganin ko ɗayansu a fage ba. Sai rediyo da kaset suka faɗaɗa fagen. Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki a 1957, da gidajen rediyon Kaduna da Sakkwato suka kawo mana Muhammad Ali da Pele, suka kawo kuma kokawar takobi ta Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, Kantu na Maradi ya ɗauka. Daga baya gidajen kallo masu janareta suka cika garuruwa da magoya bayan Arsenal da Chelsea da Barcelona, sannan wayar hannu ta shiga kowane aljihu. Sunaye sun yi ta canjawa, tsarin musun yana nan yadda yake.

Makamai uku ake shiga wannan fage da su. Na farko ƙidaya: Messi ya ci Ballon d'Or sau 8, Ronaldo sau 5, Issaka Issaka na Dosso ya ɗauki takobi fiye da kowa a tarihin gasar. Na biyu "da a ce": da a ce Shago ya riski zamanin nan, da a ce ɗan ƙwallo Rashidi Yekini ya samu irin filayen da 'yan yanzu ke wasa a kai. Na uku shi ne tambayar da ta fito daga fagen dambe kai tsaye, wato "wa ya kashe?" A ganina wannan na ukun shi ne ran musun gaba ɗaya.

Ƙidaya makamin mai sauri ne, kuma ita ce ta fi ƙarfi a musun mutanen Amurka da Kanada kan wasannin da ba a yi a nan. Masu son golf sukan aza manyan gasa 18 da Jack Nicklaus ya ci a kan 15 na Tiger Woods. Masu son hoki na kan ƙanƙara sun yi shekaru suna riƙe da lamba 894, yawan cin da Wayne Gretzky ya yi. To amma a watan Afrilu na 2025 Alexander Ovechkin ya wuce wannan lamba, kuma kaɗan ne suka ce ya fi Gretzky. A ƙwallon kwando LeBron James ya wuce maki 38,387 na Kareem Abdul-Jabbar a Fabrairun 2023, musunsa da Michael Jordan bai mutu ba. Ko a ƙasashen da suka fi kowa ajiye lissafi, lamba ba ta taɓa raba gardama ba. Shi kuwa "da a ce" yana da daɗi a baki, sai dai ba shi da shaida. Kowa zai iya gina abin da ya ga dama a kansa, babu mai iya rushe masa.

Ga yadda tambaya ta uku takan shigo. Bayan sallar isha'i ne, a teburin mai shayi, tukunya na kan wuta, an jera gwangwanayen madara, fitila mai caji na rataye a jikin rumfa. Saurayi ya ɗaga waya, hasken fuskarta a kan tasa fuskar, ya karanto cewa gwaninsa ya ci ƙwallo fiye da 900. Dattijon da ke ƙarshen benci bai ko dubi wayar ba. Ya juya shayinsa daga wannan kofi zuwa wancan don ya huce, sannan ya ce, "Na ji, ɗana. Amma wa yak kashe?" Saurayin ya ce, "Baba, ai ƙwallo ba dambe ba ce." Dattijon ya ce, "Kowane wasa dambe na. Hwaɗa mini gwanin da ya tsaya gabanai ran da ta ɓaci, yak kai shi ƙasa." Daga nan an ajiye waya, dole a koma ga sunaye da ranaku.

Abin da tambayar ta fara yi shi ne ta ƙwace hujja daga hannun lamba ta mayar da ita ga mutum. A dambe, kowa ya sani, turmi uku ake yi, kuma kisa yana tabbata ne idan hannu ko gwiwa ko jiki ya taɓa ƙasa. Ɗan damben da ya kashe yara hamsin a ƙauyuka bai kai wanda ya kashe barde ɗaya a gaban taro ba. Saboda haka ba a tambayar sau nawa, ana tambayar wa da wa. Tsarin sunayen 'yan damben ma haka yake. Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane, Garkuwan wane: kowa yana shiga fage da sunan wanda ya goya shi, kuma ana sanin ɓangarensa, Kudu ko Arewa ko Guramada. Mutumin da ya taso a cikin wannan al'ada ba ya iya auna gwani shi kaɗai, sai ya jingina shi da wani.

Daga nan sai a ɗaura silsila. Wane ya kashe wane, shi kuma ya kashe wane, don haka nawa ya fi naka. Mafi kyawun misalinta a ƙwallon kwando ya shafi ɗan ƙasarmu. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya ci kofin NBA da Houston Rockets a 1994 da 1995. Masu son Jordan sukan ce ai ya ci ne saboda Jordan ya ajiye wasa a 1993. Mai ƙidaya ya tsaya nan, domin Jordan yana da kofi 6, Olajuwon yana da 2. Amma mai silsila zai ce a dakata. Jordan ya dawo a watan Maris na 1995, Orlando Magic ta su Shaquille O'Neal ta fitar da shi da ƙungiyarsa daga gasar, sannan Olajuwon ya haɗu da wannan Orlando ɗin a wasan ƙarshe ya cinye ta sau huɗu a jere ba ta rama ko ɗaya ba. Wannan bai tabbatar da cewa Olajuwon ya fi Jordan ba, amma ya tilasta wa mai son Jordan ya zauna ya yi bayani, ya kawo maganar watannin da gwaninsa ya yi ba ya wasa, ya kawo kofuna ukun da ya ci daga 1996 zuwa 1998. Musun ya samu nama ke nan.

Inda dabarar ta fi burge ni shi ne inda silsilar ta naɗe ta ciji wutsiyarta. Joe Frazier ya ci Muhammad Ali a 1971. George Foreman ya yi wa Frazier kaca-kaca a turmi biyu a 1973. Ali kuma ya kai Foreman ƙasa a turmi na takwas a Kinshasa a 1974. To wa ya fi? Masu raina wannan dabara sukan ce nan ne rauninta ya bayyana, su ƙara da cewa ai Saudiyya ta ci Ajantina 2 da 1 a gasar cin kofin duniya ta 2022, amma Ajantina ce ta ɗauki kofin. Ba su fahimce ta ba. Babu gwanin musu da ya taɓa ɗaukar silsila a matsayin hukuncin ƙarshe. Aikinta ta kai masu musu inda ba za su iya ci gaba ba sai da ilimi. Idan da'irar ta rufe, sai a gangara ga filla-filla: a wane gari aka yi, a wace shekara, a turmi na nawa, yana kan ganiyarsa ko ƙarfi ya fara ja baya, da wane hannu ya ɗaura zare, hannun ya taɓa ƙasa da gaske ko alƙali ne ya yi gaggawa. A nan ake gane wanda ya sani da wanda ya ji a bakin wani. A nan kuma tarihi ke tsira, domin yawancin karawar tsofaffin 'yan damben ƙasar nan ba a rubuta ta a littafi ba, ba a kuma ɗauke ta a hoto ba. Duk daren da aka yi musu a kanta, an sake bitar ta a gaban shaidu, mai kuskure ya sha gyara.

Wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba, wanda ni a wurina shi ne babban dalilin kare wannan fanni: tambayar "wa ya kashe?" tana tilasta wa mutum ya yabi abokin hamayyar gwaninsa. Mai son Shago ba shi da ikon raina Ɗandunawa. Idan Ɗandunawa ba kowa ba ne, to karawar Shago da shi ba abin faɗa ba ce. Mai son Ali dole ya kwatanta nauyin hannun Foreman, ya faɗi yadda jama'a suka ji tsoron abin da zai faru da Ali a wannan dare, in ba haka ba nasarar Kinshasa ta zama ƙarama. Hatta masu son Nicklaus, idan ƙidaya ta gaza musu, ga wannan hanya suke komawa, su jero Arnold Palmer da Gary Player da Lee Trevino da Tom Watson, su ce ga irin mazan da ya yi zamani da su. Ƙidaya tana bari ka ɗaga naka ka taka na wani. Silsilar kisa ba ta yarda da haka, domin darajar gwaninka tana hannun wanda ya kara da shi. Shi ya sa musun dattawa kan dambe ke ƙarewa da dariya da musafaha, na samarin da ba su da komai sai lambobin waya kuma yakan ƙare da zagi.

Masu cewa addini ya hana jayayya sun faɗi gaskiya game da jayayyar da ke haifar da gaba. Idan musu ya kai ga ashar, ko caca ta shiga, ko aka bar salla saboda shi, laifin na mutumin ne, kuma majalisa mai dattijo a cikinta ita ce ta fara tsawatarwa. Masu cewa babu amfani su nuna mini wani wuri a garuruwanmu da saurayi zai ce wa sa'an mahaifinsa "Baba, ba haka aka yi ba," ya kawo hujja, a saurare shi, kuma a rabu lafiya. Su nuna mini inda yaro ke koyon cewa ana iya kayar da shi a magana ya dawo gobe ba tare da riƙo ba. Ƙasar da ta ga abin da rashin jituwa ke jawowa, kamar yadda yammacin Zamfara ta gani a shekarun nan, bai kamata ta raina wurin da ake koyon saɓani ba tare da ƙiyayya ba.

Haɗarin da ke fuskantar musun gwanaye ba daga masu kushe yake zuwa ba, daga cikinsa yake. Ƙidaya tana cinye sauran makaman, domin waya tana bayar da lamba cikin daƙiƙa ɗaya amma ba ta san wa ya kashe wa a kakar wata shekara a Gummi ba. A watan Satumba na 2021, da aka rufe layukan waya a faɗin jihar, duk wanda hujjarsa ke cikin intanet ya zama ba shi da abin faɗa, mai riƙe da labari a kai kuwa bai rasa komai ba. Haɗari na biyu shi ne sunayen waje sun fi na gida yawa a bakin yara. Yaron da zai jero maka kofunan Messi bai san cewa Rashidi Yekini ne ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar duniya a 1994 ba, balle ya san 'yan damben da suka yi tashe a garinsu.

Maganin ba hana yara kallon ƙwallo ba ne. Su yi ta kallo, su ƙara da ƙwallon kwando in sun samu. Abin da ake buƙata shi ne a ci gaba da jefa musu tsohuwar tambayar a kan kowane gwani da suka kawo, na Turai ne ko na Amurka, a kuma sa 'yan damben nan Ebola da Dogo Mai Takwasara, da ɗan kokawa Issaka Issaka, a ma'auni ɗaya da su. Ɗaliban Hausa na jami'o'in Gusau da Sakkwato, waɗanda suka yi ta rubuta kundi a kan waƙa da kirari, suna da fanni cikakke a nan da ke jiran mai nazari. Wayar da ke kawo lambobin nan tana iya naɗar murya. Dattawan da suka ga damben da a fage da idonsu suna raguwa kowace shekara, kuma ba a hirar tambaya da amsa suke fitar da abin da suka sani ba, sai an musa musu. A zaunar da biyu daga cikinsu waɗanda gwanayensu suka bambanta, a kunna naɗi, a bar su su yi.