Idon Kafinta a 'Yan Katako

Rufin gida a kasuwa ake fara shi. Kafin a buga ƙusa ko ɗaya, kafintan da ya san aikinsa ya riga ya yanke ko rufin zai ga jikoki, ko kuwa iskar farkon damina za ta yaye shi ta ajiye a gidan maƙwabta. A rumfunan 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano ake wannan hukunci, ko a kasuwar Katako ta Yamai, cikin ƙarar inji da ƙurar zarto, mai gida na gefe yana ta lissafin kuɗi, bai san abin da ake dubawa ba.

Ruwa kafinta yake fara nema a jikin katako. Yawancin katakon da muke rufi da shi tirela ce ke ɗauko shi daga dazukan kudu, irin su Ondo da Edo da Kuros Riba. Ɗanye aka tsaga shi a ƙasar laima, ya iso Arewa ya tarar da hunturu. Itace kuwa idan yana bushewa motsewa yake yi, kuma ba daidai yake motsewa ta kowane gefe ba, shi ya sa wanda aka saya miƙaƙƙe sai a wayi gari ya murɗe. Don haka za ka ga kafinta ya ɗaga kan tu-bai-fo, ya rufe ido ɗaya, ya bi tsawonsa na ƙafa 12 da kallo. Ya jijjiga shi a hannu ya ji nauyi. Ya ƙwanƙwasa da bayan guduma: busasshe amsawa yake ƙwar, jiƙaƙƙe kuwa sai dai ka ji dim. Sannan ya juya shi ciki da bai yana neman ƙulli, domin nan katako ke karyewa idan nauyi ya hau, da kuma 'yan ramuka masu zubar da gari, alamar ƙwaro ya riga kowa tarewa. Tef ɗinsa ma ba ya hutawa, don sau da yawa tu-bai-fo a suna ne kawai, an rage shi tun a wurin yanka.

Kowane ice da inda ya dace. Obeche fari ne, ba nauyi, ƙusa na shigarsa ba gardama, amma abincin ƙwari ne. A aikin da ba ya ɗaukar kaya ake sa shi. Maɗaci da iroko sun fi jure gara, sai dai kuɗinsu ya sa galibi a ƙofa da firam suke ƙarewa. Gwanin shi ne wanda zai ce, "Alhaji, mai tsadar nan a gindin rufi kawai za mu sa shi, sama mu bi da mai sauƙi," kuma gidan bai cutu ba.

Inda na fi jinjina wa kafintoci shi ne wajen filawud, domin shi fuskarsa ba ta faɗin gaskiya. A Amurka da Kanada bango da rufi da daɓen bene duk da irin waɗannan alluna ake rufe su. Mu da muke gini da bulo, a silin da ƙofofi da kabad muke haɗuwa da su, sai kuma babban wurin gwaji, wato allon da ake zuba dekin a kai. Kowane falle ƙafa 4 ne da ƙafa 8, kuma daga nesa duk ɗaya suke. Kafinta gefen yake dubawa. Filawud siraran fallayen ice ne da aka manna da gam, kowanne jijiyarsa ta gitta ta wanda ke ƙarƙashinsa, adadinsu kuma yawanci mara ne, 3 ko 5 ko 7 zuwa sama, don kada allon ya karkace. Zai ƙirga su da farce. Idan ya ga gurbi a tsakani, ko falle ya hau kan falle, ya san a nan zai buɗe ranar da ruwa ya taɓa shi. Wani ma guntu yake yanka ya jefa a bokiti ya kwana; gam na kirki ba ya saki, na banza kuwa da safe da hannu za ka ɓare shi. Allunan da aka yi da garin katako, irin su MDF, sumul suke, suna karɓar fenti da kyau, amma ruwa na shiga suke kumbura, kuma ba sa komawa. Duk kafintan da ya sa su ƙarƙashin kwano mai yoyo ko kusa da banɗaki, ko dai bai sani ba, ko ya sani ya yi shiru.

A dekin ba a wasa. Kankare mai kaurin santimita 15 yana dora kusan kilo 360 a kan kowane murabba'in mita, ban da leburori da kwanukansu da ke kai da komo a sama. Shi ya sa ake neman marin bod mai kaurin milimita 18, mai baƙar fuska mai santsi, a kwantar da shi jijiyar fuskarsa ta gitta katakon da ke tallafe da shi, a matso da turaku kusa-kusa. Idan allon ya lotsa ko da kaɗan, cikin dekin zai fito da tumbi, kuma ba filastar da za ta ɓoye shi.

Wannan ido ba yau aka samo shi ba. Maginan da suka rufe soraye da azara sun san namijin giginya suke nema, sun san ɓangaren wajen gangar jikinta ne mai tauri wanda gara ba ta iyawa, sun kuma san azara ba ta son tazarar da ta wuce kimanin ƙafa 6 ba tallafi, dalilin da ya sa suka ƙware a ginin bakan gizo ke nan.

Rigimar kafinta da mai gida takan zo ne bayan an sauke kaya. Kafinta yana so a jera katakon a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakani iska ta ratsa, a bar shi ya sha iska, sannan a shafe shi har kan yankan da maganin gara, wanda wasu ke haɗawa da baƙin mai. Alhaji kuwa ya riga ya sa ranar tarewa, kuma hadari ya fara haɗowa ta gabas.