3.3 Hoton Rayuwar 'Yan Mishan a Littafin Likita Mila

A wannan sashe za a dubi littafin *Reflections of a Pioneer* na Walter Miller, wanda mutanen Zariya suka sani da Likita Mila. Ƙungiyar mishan ta CMS ce ta buga shi a Landan a 1936, shekara ɗaya bayan da marubucin ya ajiye aiki da ita. Abin da za a mai da hankali a kai shi ne yadda littafin ya nuna zaman yau da kullum na 'yan mishan da aikinsu na coci, da kuma iyakar dogaron da mai nazari zai iya yi da shi.

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne mutanen da aka rubuta wa littafin. Da Ingilishi aka rubuta shi, ba da Hausa ba, alhali kuwa Mila ya iya Hausa ƙwarai, domin tun kafin ya tako ƙasar Hausa ya je Turabulus ya koye ta a bakin Hausawan da ke can. Ke nan masu karatunsa su ne Kiristocin Ingila, waɗanda da kuɗinsu da addu'arsu ake tafiyar da aikin. Wannan ya yi tasiri a kan abin da ya zaɓa ya faɗa. Wahalar hanya da zazzaɓi da mutuwa sun sami fili sosai, saboda su ne ke taɓa zuciyar mai ba da gudummawa. Ba a ce wahalar ƙage ce ba. A 1900 su biyar suka taso ƙarƙashin Bishop Tugwell suka isa Kano, Sarki Alu ya umarce su da su fice masa daga gari cikin 'yan kwanaki, suka koma Girku, a can ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu. Sai dai mai karatu zai ga cewa labarin ya tsaya ne a kan abin da baƙin suka ji a jikinsu. Dalilin Sarkin Kano kuwa, wanda ya ga Turawa sun shigo masa a daidai shekarar da Lugga ya shelanta mulkin Ingila a Arewa, bai sami irin wannan adalci ba.

Inda littafin ya fi amfani shi ne wajen nuna cewa wa'azi ƙaramin kaso ne na aikin ɗan mishan a birnin Musulmi. Daga 1905, lokacin da Mila ya zauna a cikin birnin Zariya, yininsa ya rabu ne tsakanin ba da magani, da koyar da yaran da ke zaune a gidansa karatun boko, da fassara. Dalilin haka a fili yake. Lugga ya yi wa sarakuna alkawari a 1903 cewa gwamnati ba za ta tsoma baki a addini ba, saboda haka jami'an mulkin mallaka suka riƙa taka wa 'yan mishan birki a masarautun Musulmi. Da aka toshe ƙofar wa'azi a kasuwa, sai ɗakin magani da aji suka zama majami'a. Wannan ma shi ya sa Mila ya cika littafin da ƙorafi a kan 'yan'uwansa Turawa, har wani lokaci mai karatu ya rasa wa ya fi ba shi haushi, sarki ko Razdan.

A nan ne kuma babban raunin littafin yake. Mila ba ɗan kallo ba ne a siyasar Zazzau. Ya daɗe yana kai ƙarar Sarki Aliyu Ɗan Sidi wurin hukuma, kuma masana tarihi sun lissafa ƙorafe-ƙorafensa cikin abubuwan da suka kai ga tuɓe sarkin. Wanda yake da hannu a rigima, in ya zo ba da labarinta, ba za a ɗauki maganarsa a matsayin ta alƙali ba. Don haka duk abin da ya faɗa game da sarakunan Fulani da malamai sai an gwada shi da wata majiya kafin a kafa hujja da shi.

Haka nan ta fuskar salo, littafin na mutum ɗaya ne. Wakilin suna “ni” ya mamaye shi, wanda ba abin mamaki ba ne ga tarihin rayuwa. Amma aikin da ake ba da labarinsa ba na mutum ɗaya ba ne. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932 ana danganta shi da Mila, kuma ya cancanci hakan, to amma Bature ba ya zaɓen kalmar da za ta zauna daidai a kunnen Bahaushe sai da Bahaushe a gefensa. Haka ma zancen Isawa, waɗanda suka zo wurinsa a 1913, aka kafa musu ƙauye a Gimi, ciwon barci ya watsa shi. Waɗannan mutane suna da tarihinsu tun daga Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19, kuma da ƙafarsu suka zo. A ganin mai wannan nazari, littafin ya fi kallonsu a matsayin amsar addu'ar ɗan mishan, maimakon mutanen da suka yanke wa kansu shawara.

Wani abin lura shi ne, abin da Mila ya ɗauka a matsayin koma-baya shi ya fi barin tarihi. Bai so fitar da mishan daga birni zuwa Wusasa a 1929 ba, har ya koma Kano ya ƙarasa fassararsa. Amma a Wusasan ne aka gina cocin Saint Bartholomew da ƙasa, bisa tsarin ginin Hausa, aka kuma kafa asibiti da makaranta. Daga wannan al'umma aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, da Janar Yakubu Gowon. Ga ɗalibin adabi kuwa, daga nan John Tafida ya fito, wanda ya rubuta *Jiki Magayi* tare da Rupert East. A 1936 da littafin ya fito, Ishaya Audu yana yaro ƙarami, Gowon kuwa bai wuce shekara biyu da haihuwa ba.