Shin da gaske duniya ta baje? Sharhi kan littafin Thomas Friedman

A shekarar 2005 ɗan jaridar nan na Amurka, Thomas Friedman, ya fitar da littafinsa The World Is Flat, wato duniya a shimfiɗe take. Har yau ana sa ɗaliban kasuwanci su karanta shi, ni ma a digirina na biyu sai da aka sa mu. Abin da yake faɗa bai da wuyar ganewa: tun daga rushewar katangar Balin a 1989 da bayyanar manhajar Netscape a tsakiyar shekarun 1990, wayoyin intanet sun share fage, yanzu ɗan ƙaramin kamfani a Bangalo zai iya gogayya da babba a Niyok. Marubucin ya iya ba da labari, wannan kam ba musu. Amma a ganina ya haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne: isar saƙo da isar kaya. Mai son faɗaɗa cinikinsa na intanet zuwa wata ƙasa, idan ya ɗauki littafin nan jagora, to zai sha mamaki.

Babbar hujjata ita ce abin da ke faruwa a ƙasar Sin a daidai lokacin da ake rububin sayen littafin. Kamfanin eBay ya shiga Sin da ƙarfinsa. A 2002 ya sayi kashi ɗaya cikin uku na EachNet a kan dala miliyan 30, a 2003 ya biya miliyan 150 ya haɗiye sauran. A lokacin EachNet ne ke riƙe da kaso mafi tsoka na kasuwar gwanjon intanet a ƙasar. Ga kuɗi, ga suna, ga fasaha. Idan da fagen a baje yake, ai magana ta ƙare.

To amma a wannan shekara ta 2003 Jack Ma ya buɗe Taobao. Bai karɓi ko sisi daga masu baje kaya ba, alhali eBay na cajinsu. Ya kuma ba mai saye da mai sayarwa hanyar hira kai tsaye, su yi tayi, a ce albarka, a ƙara, har a daidaita. Shi kuwa eBay ba ya son su san juna sosai, don kada su ƙulla cinikin a bayan fage ya rasa la'adarsa. Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne Alipay: mai saye zai tura kuɗi, a riƙe su a tsakiya, ba za a sakar wa mai kaya ba sai kaya sun isa hannu. Wanda ya san yadda fataucin shanu da goro ya gudana a Sabo ta Ibadan zai gane wannan nan take. Aikin maigida ke nan, wanda ke tsayawa tsakanin baƙon falke da mahaucin da bai sani ba, ya lamunce bashin. Sinawa ba su da katin banki da yawa a lokacin, kuma ba su yarda da wanda ba su gani ba, sai aka gina masu maigida na kwamfuta. A 2004 eBay ya ƙara wa kansa wahala da ya mayar da shafin Sin kan na'urorinsa na Amurka, shafin ya yi nauyi, gyara kaɗan sai an jira izini daga Kalifoniya. A ƙarshen 2006 ya miƙa harkar ga haɗin gwiwa da Tom Online ya ja da baya. Amazon ma, da ya sayi Joyo a 2004, ya rufe kasuwarsa ta cikin gida a Sin a 2019.

Kada a zalunci Friedman. Kan ayyukan da ake turawa ta waya, kamar rubuta manhaja da lissafin haraji da amsa kiran abokan ciniki, ya faɗi gaskiya, Indiya shaida ce. Mai kare shi zai kuma nuna Shein da Temu, waɗanda ke aika kaya daga masana'antun Sin har ƙofar gida a Amurka. Sai dai a duba abin da ya ɗauke su. Dokar Amurka ta yafe kuɗin fito ga duk ƙunshin da bai wuce dala 800 ba, su kuma suka riƙa aikawa ƙunshi-ƙunshi. A 2025 gwamnati ta soke wannan rangwame, dole suka sake lissafin farashi da wurin ajiye kaya. Tarayyar Turai ma tun 2021 ta cire yafiyar harajin ƙananan kaya. Ashe jami'in kwastan ne ya buɗe ƙofar, shi ne kuma ya turo ta.

Littafin bai ba Afirka wani wuri na kirki ba, kuma nan ne raunin ya fi fitowa. Jumia ta shiga kasuwar hannun jari ta Niyok a 2019 ana kiranta Amazon ta Afirka, amma kafin shekarar ta ƙare ta tattara daga Kamaru da Tanzaniya, a 2024 kuma ta bar Afirka ta Kudu da Tunisiya. Mutane da yawa ba sa biya sai sun ga kaya, adireshi kuwa "bayan masallacin Juma'a, ka tambayi mai shayi" ne. Kowace ƙasa da kuɗinta da hanyoyinta. Lokacin da PayPal ya shiga Nijeriya a 2014, an yarda ɗan Nijeriya ya biya, ba a yarda ya karɓa ba. Wato fage ya baje wa mai saye, ya yi wa mai sayarwa tudu.

Na san cikinmu akwai masu shirin buɗe shafi don sayar da huluna da takalman fata ga 'yan'uwa a Ingila da Saudiyya. Buɗe shafin aikin yini ɗaya ne. Tambayoyin da littafin bai amsa ba su ne na gaske: ta wace hanya kuɗin zai iso, wa zai biya kuɗin fito, in hula ta yi wa mai saye kaɗan wa zai ɗauki nauyin mayar da ita Kano? Masu tunanin kilishi kuwa su fara karanta dokar Ingila kan shigo da nama daga wajen Turai kafin su sayi kwali.